Launi Uku a Bangon Ɗakinmu

Zuwa ga inuwar da nake fakewa idan rana ta take, bangon da nake jingina idan ƙafa ta gaji, rijiyar da ban taɓa zura guga ya fito wayam ba. Zuwa ga maigidana, uban 'ya'yana, abokin hirata da faɗana, mutumin da warin fenti a rigarsa ya fi mini turaren kowa daɗi.

Ina yi maka gaisuwar da ta fi yashin bakin kogi yawa, ta fi iskar bayan ruwan sama sanyi. Yaya jiki? Yaya wuya da ƙirji, da wannan kwanciyar rub da ciki da likita ya ɗora maka? Yau kwana tara ke nan da aka yi maka aikin ido, kwana shida da na baro ka a gidan Auta, kuma wallahi kowace rana a cikinsu sai da na ji tsawonta har cikin ƙashina. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya dawo mini da kai kana takowa da ƙafarka.

Ke kuma Auta, na san ke za ki karanta wa yayanki wannan takarda, tunda an hana shi ɗaga kai balle karatu. Na san halinki sarai, tun kina 'yar makaranta kike laɓewa bayan ƙofa kina sauraren hirarmu. To yau ga shi na kawo miki har gida. Ki karanta a hankali, kada ki tsallake layi, kada ki yi dariya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara ashirin da shida ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ake rubuta wasiƙa, amma ban taɓa rubuta wa mijina komai ba sai jerin kayan cefane.

Abin ƙaunata, da a waya ka ba ni dama, da ban ɗauki biro ba. Amma tun da aka fito da kai daga ɗakin tiyata maganarka ta zama kamar ruwan famfo a lokacin rani, ɗigo ɗaya sai a jira. Ka san ba da son raina na dawo ba. Jarrabawar ɗalibai ta kama, ga Inna mahaifiyarka a gida ba mai ba ta magani a kan lokaci sai ni. Na baro ka da bandeji a fuska, fuskarka a cikin matashi, ina tafiya ina waiwaye kamar wadda ta mance zuciyarta a kan kujera. Kuma hakan ne, a can na mance ta.

Ka tuna abin da likita ya ce mini a gabanka. Ya ce fatar da ta saɓule a bayan idonka na dama an mayar da ita, amma ba zai yi mana alkawarin gani irin na da ba, ga na hagu da ma yanar ido ta daɗe da rage shi. Ya ce idan ka dawo gida haske mai ƙarfi zai riƙa sukar ka. Ya tambayi launin ɗakinmu, na ce fari ne ƙal mai sheƙi, wanda ka shafa da hannunka shekarar da muka tare. Ya girgiza kai ya ce a canza shi kafin ka dawo, a sa launi mai laushi wanda ba ya ƙyalli.

Washegarin da na iso gida na kira ka ina murna, don na zaci na samo maganar da za ta buɗe bakinka. Wa ya fi ka sanin launi? Shekara talatin kana tsaye bayan kantar shagon fenti, mutane na zuwa daga nesa da guntun labule, da fasasshen tayil, da ɓallen bango a ƙulle a hankici, kai kuma ka ɗaga shi a hasken ƙofa, ka ƙanƙance ido, ka faɗi ɗigo nawa na baƙi, ɗigo nawa na rawaya, ba ka kuskure. Ido ba mudu ba, amma naka ya fi mudu sanin kima. Na ce maka, wane launi za mu sa? Sai ka ce, “Malama, ki shafa duk wanda ya zo hannunki. Makaho ba ya zaɓen launi.”

Haba maigida! Haba sanyin raina! Da mari ka yi mini da ya fi sauƙi. Na zauna a bakin gadonmu da waya a hannu, ina kallon farin bangon nan yana ƙyalli kamar yana yi mini dariya. Wa ya ce maka makaho ne kai? Likita bai faɗa ba, ni ban faɗa ba, Allah bai nuna ba tukuna. Don me za ka riga malam masallaci a kan abin da ba alheri ba?

Ban yi kuka ba a ranar. Da na tashi daga makaranta kashegari, sai na wuce shagonku. Na samu Dogo, abokin aikinka, shi kaɗai a bayan kanta, ya rame kamar shi aka yi wa aikin. Rigar aikinka tana rataye a ƙusarta, da tabon fenti kala-kala a ƙirjinta, sandar da kake juya fenti tana jingine inda ka bar ta ranar da ka ce masa kana ganin wani baƙin labule yana saukowa a idonka. Dogo bai iya ɓoye magana ba, ka san shi. Ya ce ka aiko masa ya nemi wani ya sa a gurbinka, ya kuma ba shi littafinka na haɗin launi, wai kai ka gama. Ya ciro littafin daga durowa ya ajiye a gabana, ya ce, “Matar yaya, ni dai ba zan ba kowa wannan ba. Ki tafi da shi, idan ya dawo ya karɓa a hannunki.”

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya shimfiɗa mini katin launuka a kan kanta, wannan mai buɗewa kamar mafici, ya ware mini shafin masu laushi. Wayyo ni! Fari-fari har guda arba'in a jere, kowanne da lambarsa da sunansa, ni kuwa duk kanwar ja ce a idona. Dogo ya yi ta cirewa yana ajiyewa har suka rage uku. Ya haɗa mini kowanne a ƙaramin gwangwani, ya rubuta ɗaya, biyu, uku a kan murafen, ya ce in shafa a bango in gani. Ga yadda ya kwatanta mini su, tunda yanzu dole ji ya tsaya a madadin gani. Na ɗaya ruwan madara ne, kamar madarar da aka tafasa ta huce. Na biyu ruwan toka ne mai haske, kamar ƙirjin kurciya. Na uku kuwa ya ɗan karkata wajen ruwan ƙasa, kamar busasshen yashi, ko ɓawon ƙwai.

To yanzu ka buɗe kunne, farin cikina, don zan faɗa maka abin da na ɓoye tun kafin a haifi babbar 'yarmu.

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Babana ya aike ni shagonku da ɓallen bangon falonsa, ya ce a haɗa masa irinsa. Ina sabuwar malama a lokacin, da jaka a kafaɗa da alli a yatsu, ina jin babu wanda ya kai ni sani. Na ajiye maka ɓallen na ce fari nake so. Ka ɗaga shi a hasken ƙofa, ka juya shi, ka ce, “Wannan ba fari ba ne, Malama. Akwai ɗigon ja a cikinsa, kamar mai jin kunya.” Na yi dariya, kai ba ka yi ba. Ka haɗa fentin kana juyawa a hankali kamar mai lallashin jariri, ni kuwa ba fentin nake kallo ba, hannunka nake kallo. Bayan kwana biyu na dawo da gwangwanin na ce bai yi daidai ba, ya yi duhu. Ka karɓa ba musu, ka shiga ciki, ka fito da shi. Na sake dawowa na ce yanzu kuma ya yi haske. Sau huɗu ina zarya, har Dogo ya fara tari idan ya hango ni.

Ƙarya nake yi, maigida. Tun haɗin farko ya yi daidai. Babana ya shafe falonsa tun a makon, ragowar nake ta yawo da ita a titi kamar mai talla. Kuma ba nan ƙaryar ta tsaya ba. Ni ban taɓa ganin ɗigon jan nan ba. Ban gan shi a ranar ba, ban gan shi bayan nan ba. Duk yammacin da ka dawo gida da katuna biyu a aljihu, ka ajiye mini kusa da kofin shayi ka ce, dubi wannan ya fi wancan ɗumi, ni kuma in gyaɗa kai in ce lallai kuwa, wallahi abu ɗaya nake gani. Murnar da ke fuskarka nake gyaɗa wa kai. Shekara ashirin da shida ina cin jarrabawarka da satar amsa, ni da nake kama ɗalibai a kan haka!

Na zaci ni kaɗai ce mai wayo. Da na isa gida da littafinka, na ba Inna maganinta, na zauna a tsakar gida da sauran hasken la'asar ina buɗe shafukan. Ga rubutunka ƙanana kamar sawun tururuwa, kowane haɗi da ranarsa da ɗigonsa. Na yi ta komawa baya har shafukan da suka yi jaja-jaja don tsufa. Sai ga shi: “Falon baban Malama.” A ƙasa ka rubuta haɗin. A ƙasan wannan ka rubuta, “Zuwa na biyu, ban ƙara komai ba.” Sannan, “Zuwa na uku, ban ƙara komai ba.” A na huɗu ka rubuta, “Ban ƙara komai ba. Allah Ya sa ta dawo.”

Kai! Ashe ɓarawo ne ya haɗu da ɗan fashi! Ashe shiga ciki kake yi ka juya gwangwanin nan ka ƙirga mintuna ka fito, kana kallona ina cewa yanzu ya fi! Na yi dariya har Inna ta leƙo ta taga ta ce ko an yi mini albishir ne. Daga dariyar kuma ban san lokacin da ta juye ba, sai na ga hawaye na ɗiga a kan shafin, na yi maza na goge da gefen mayafi kada tawadarka ta narke. Mutumin da ya iya wannan haƙurin don yarinyar da bai san ko za ta so shi ba, shi ne yau zai kasa haƙurin wata ɗaya don matar da ta haifa masa 'ya'ya uku?

A yammacin na janye gado, na ɗauko buroshinka, na shafa launukan uku a jere a bangon da ke kallon taga, kowanne faɗin tire. Na ja baya na tsaya. Ba komai! Na kira Inna, ta dogaro sandarta ta zo, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, “'Yar nan, wa ya ɓata muku bango wuri uku?” Na ɗauki hoto na tura wa Auta da babbar 'yarmu, 'yar tamu ta ce a sa ruwan tokar, wai shi ake yayi. Ƙanenta ya ce duk wanda na zaɓa ya yi, halin ubansa na kwanan nan. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta ce ruwan madara ya fi fito da labule. Mai fentin da Dogo ya haɗa ni da shi ya zo ya auna ɗakin, ya ce in yanke shawara da wuri don yana da wani aikin a gaba. Kowa da bakinsa, amma bakin da nake jira yana can cikin matashi ya yi gum.

Kwana biyu ina zarya gaban bangon nan. Kafin in tafi makaranta in duba, in na dawo in duba. A ɗakin jarrabawa ina zagaya tsakanin tebura, idona a kan ɗalibai, hankalina a kan madara da toka da yashi. Ba launin ne ya dame ni ba, masoyina. Tsoro nake ji kada in zaɓi wanda zai soki idonka, ka shigo ɗakinka bayan wata guda ka runtse ido, ka ji kamar gidanka ma ya juya maka baya. Wannan ne abu na farko da ka taɓa buƙata a wurina a fannin da ka fi kowa, ga shi ni makauniya ce a cikinsa da idona biyu.

Sai shekaranjiya da safe, ina ɗaura agogo zan fita, waya ta yi ƙara. Kai ne. Ko gaisuwar kirki ba ka bari mun gama ba. Ka ce, “Auta ta ce a bangon da ke kallon taga kika gwada. Wa ya koya miki haka? Wannan bangon duk abin da aka sa masa fari zai nuna. Ki gwada a na gefe, kusa da ƙofa. Ki yi shafi biyu, ki bari ya bushe. Ɗanyen fenti maƙaryaci ne.” Ka kashe wayar.

Allahu Akbar! Ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba. Kamar tsawar farkon damina ce a kunnen manomi. Na tsaya a tsakiyar ɗaki ina murmushi kamar wadda aka yi wa kyauta. Ashe kana nan! Ashe mutumin da ya ce ya gama yana kwance rub da ciki yana jin haushin an gwada fenti a bangon da bai dace ba! Ranar na makara, karo na farko a shekara goma, don sai da na yi shafin farko kafin in fita, na biyun kuma da na dawo. Shugabar makaranta ta ga fenti a gefen hannuna ta kau da kai, Allah Ya saka mata.

Jiya ya bushe sarai. Na dawo da la'asar na tsaya gabansa, kusa da ƙofa kamar yadda ka ce. Na ga kamar akwai ɗan bambanci, amma irin wanda idan ka ƙifta ido sai ya gudu. Sai wani tunani ya zo mini. Na ce, ni wa nake zaɓa wa launin nan? Ai ba wa idona ba. Na cire tabarauna, na lakato man shafawa na mulke gilasan biyu da shi, na naɗe hankici na toshe ɓangaren dama, na mayar a fuskata. Na buɗe labule gaba ɗaya.

Ya Rabbi! Haka kake gani, maigida? Haka duniya ta koma maka ka yi shiru ba ka faɗa mini ba? Komai ya narke ya shiga cikin ɗan'uwansa. Farin bangonmu ya taso mini kamar an haska mini fitilar mota a fuska, hawaye ya cika idona nan take. Na nufi ƙofa, ƙafar gado ta daki ƙaurina, har yanzu wurin a kumbure yake. Na lalubi makunnin fitila, abin da nake taɓawa sau goma a rana, na rasa shi, fari a kan fari. Na tsaya ina riƙe da bango, na ji wani irin kaɗaici ya rufe ni a cikin ɗakin da na reni 'ya'yana. A nan na daina jin haushin maganar da ka faɗa mini. Wanda bai sha zafin rana ba shi ke cewa mai neman inuwa rago ne. Ka yafe mini, na yi maka hukunci da idon mai lafiya.

Sannan na juya wajen shafe-shafen nan uku. Ka san me ya faru? Na gan su! Wallahi na gan su, kowanne daban, kamar 'ya'yan mutum uku da suka yi kama amma uwarsu ba ta ruɗewa. Da ido garau ban gani ba, sai da na dusashe shi. Ruwan madarar yana da sauran ƙyalli a cikinsa, yana turo hasken taga a fuska, bai kai farin ba amma ɗan gidansu ne. Ruwan tokar ya kwantar da hasken, sai dai ya kwantar da komai tare da shi, gefen ƙofa ya nutse a cikinsa, ɗakin ya yi sanyi kamar zauren asibiti, kai kuwa ka gaji da asibiti. Amma na ukun, mai kama da yashi, sai ya karɓi hasken ya riƙe shi, bai jefo mini ba, bai haɗiye shi ba. Ido ya sauka a kansa ya huta kamar tsuntsun da ya samu reshe. Kuma farin makunnin fitila da ke gefensa ya fito ɓaro-ɓaro, na miƙa hannu na taɓa shi ba lalube.

Na daɗe a tsaye da tabarau mai maiƙo a fuska, ina cewa ashe wannan ne ɗumin da yake faɗa. Ashe gaskiya yake yi duk shekarun nan. Inna ta shigo ta same ni a haka, ido ɗaya a toshe, ɗaya na zubar da ruwa. Ta yi salati ta ce, “Shi ke nan, ɗaya na can kwance, ɗayar kuma ta zautu.” Na yi mata bayani. Sai ta miƙo hannu na ba ta tabaraun, ta ɗora a kan nata idon, ta juya kai hagu da dama a hankali. Da ta cire, ta ce, “Ɗana yana cikin wannan?” Na ce e. Ta zauna a bakin gado, na zauna kusa da ita har aka kira magariba.

To ga hukuncin da na yanke, ranka ya daɗe. Na zaɓi na uku, marar sheƙi. Na gaya wa mai fenti ya fara ranar Asabar. Na ce ya shafa wa katakon ƙofa da na taga ruwan ƙasa mai duhu don su fito sosai, ya bar silin da fari amma ya kashe masa ƙyalli. Gadon zan matsar da shi ya bar hanyar ƙofa, ƙaurina ya riga ya biya wa naka. Na zaɓa da hannuna, da rabin ido, ni ɗalibarka mafi daƙiƙanci. Idan na yi daidai, kai ka koya mini. Idan na yi kuskure, ba zan karɓi gyara ta waya ba, ba zan karɓa ta bakin Auta ba. Ka warke, ka hau mota, ka shigo ɗakinka, ka tsaya kusa da ƙofa ka ƙanƙance ido yadda ka saba, ka ce Malama, wannan ya yi yawan rawaya. Wallahi ranar zan sa a sake shafe shi daga sama har ƙasa ina dariya.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na daina daga yau. Ban san iya abin da zai dawo na ganinka ba, likita ma bai sani ba. Idan ya dawo duka, mu gode wa Allah. Idan rabi ya dawo, rabin idonka ya fi idon mutum goma a cikin shagon nan, ka tambayi Dogo, wanda wata mata ta kawo wa guntun labule jiya ya haɗa mata sau uku bai dace ba, ta tafi tana tambayar yaushe mai shagon na gaskiya zai dawo. Idan kuma Allah Ya ƙaddara abin da muke tsoro, to ka sani ilimin ba a cikin ƙwayar ido yake zaune ba. Wanda ya gyara mini kuskure daga nisan tafiyar yini guda, fuskarsa a cikin matashi, ba a ce masa ya gama. Zan tsaya a gefenka bayan kanta in na tashi daga makaranta, in ɗaga ɓallen bango a hasken ƙofa, in faɗa maka abin da na gani, kai kuma ka faɗi ɗigon. Zan yi ta kuskure, za ka yi ta faɗa, mu tsufa a haka. Wace mace ce ta fi ni sa'a?

Ba idonka na aura ba, zumar raina. Na auri haƙurinka, da taushin hannunka, da yadda kake tsayawa ka saurari mutum har ya gama. Na auri mutumin da ya riƙe hannuna a ƙofar ɗakin haihuwa sau uku, wanda ya ɗauki makarar babana a kafaɗarsa, wanda bai taɓa barin in kwana da fushi ba. Shin kogi yana daina zama kogi don hazo ya rufe shi? Shin itace yana daina ba da inuwa don ganye ɗaya ya faɗi? Kewarka ta cika gidan nan kamar hayaƙi, ta shiga labule, ta shiga kofin shayinka da nake wankewa kullum ko ba a sha da shi ba. Kujerarka ta tsakar gida ba mai zama a kai. Hatta Inna idan ta zo wucewa sai ta kewaye ta.

Ina roƙon ka abu uku, kada ka hana ni ko ɗaya. Ka kwanta yadda likita ya ce, ko wuyanka zai ƙage, saura kwana biyar kacal. Ka bari a ɗiga maka magani a kan lokaci ba gardama. Kuma kada ka sake kiran kanka da sunan da Allah bai kira ka da shi ba.

Ranar Juma'a ake gama jarrabawa. Ɗanmu zai zo ya zauna da Inna ya kuma tsaya a kan mai fenti, ni kuwa motar farko ta safiyar Asabar da ni za ta tashi. Ka sa a ajiye mini tabarma a gefen gadonka, ta wajen da fuskarka ke kallo. Tunda an hana ka ɗago kai ka gan ni, ni zan kwanta a ƙasa in ɗago nawa.

Taka jiya, taka yau, taka a haske da duhu har ranar da numfashi zai ƙare,

Malamarka.